Gidan abincin unguwa a Italiya: ku daina tsoronsa, ku koyi tambaya 🧵

1/ Jama'a, yau zare zan yi kan gardamar da ta ƙi ƙarewa a gurup ɗinmu na ɗalibai Hausawa da ke Italiya: shin Musulmi zai iya shiga gidan abincin Italiyawa na unguwa, ya ci ya ƙoshi hankalinsa kwance? Ni dai amsata eh ce, amma da sharaɗi. Ku biyo ni sannu.

2/ Shekarata ta uku ke nan ina digirin farko a Bolonya. Na san mutanenmu da suka yi shekara biyu, uku a ƙasar nan ba su taɓa zama a trattoria ba ko sau ɗaya. Daga shagon kebab sai shinkafar ɗaki. A koma gida a ce musu ya abincin Italiya yake, sai ka ji "to, fiza dai."

3/ Kuma fa ban ga laifinsu duka ba. Kirarin Bolonya shi ne la grassa, wato mai maiƙo, maiƙon nan kuwa yawancinsa na alade ne. Mortadella alade ce. Tortellini cikinsa alade. Miyar ragù da suke tunƙaho da ita, a girkin da aka yi wa rajista a 1982, akwai kitsen cikin alade, akwai giyar inabi.

4/ To tsoron yana da tushe. Matsalata da shi ita ce yana kora mu inda bai kamata ba. Mutum zai guji ɗan ƙaramin gidan abincin layinsu, amma ran da baƙo ya zo sai ya kai shi babban wuri a tsakiyar gari mai menu da hotuna da Turanci, wai a can ya fi gane abin da zai ci. Wallahi akasin haka ne.

5/ Bari in fara da mene ne trattoria, saboda waɗanda ke gida. Ƙaramin gidan abinci ne, galibi na iyali. Tebur goma ko sha biyar. Menu shafi ɗaya, wani lokacin ma a allo aka rubuta da alli. Uwa ko kawu na kicin, ɗa ko 'ya na kai abinci, wani dattijo na zaune gaban akwatin kuɗi.

6/ Abin da ya sa na fi yarda da irin wannan wuri guda ɗaya ne: wanda ya dafa abincin yana nan, taku goma daga teburinka. In ka yi tambaya, yaron zai leƙa kicin ya dawo da amsa. Wani lokacin mai girkin da kanta za ta fito tana goge hannu ta ce maka wannan kar ka ci, wancan ci abinka.

7/ A manyan wuraren 'yan yawon buɗe ido kuwa, mai kawo abincin sau da yawa sabon ɗauka ne, yana gudu tsakanin tebur ashirin. Ka ce akwai alade a ciki? Ya kalli farantin, bai ga yankan nama ba, ya ce babu. Ba ƙarya ya yi niyya ba, iyakar abin da ya sani ke nan. Kai kuma ka ci kitse.

8/ Wani zai ce ai doka ta tilasta su rubuta abin da ke ciki. Tsaya ka ji. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 1169/2011 ta wajabta bayyana abubuwa 14 masu tayar wa wasu mutane da ciwo, irin su gyaɗa, madara, ƙwai, kifi, riɗi. Alade ba ya cikin goma sha huɗun nan. Takarda ba za ta cece ka ba, sai bakinka.

9/ Matambayi ba ya ɓata, amma sai ya san me zai tambaya. In ka ce kawai "akwai nama?" ka faɗa rami, don a wurin Italiyawa da yawa ɗan prosciutto ko ɗan kitsen da aka soya albasa da shi ba ya cikin lissafin nama. Ga tarkunan da ya kamata ku haddace:

10/ Na ɗaya, strutto. Man alade ne da aka narkar. A yankin Emiliya-Romanya yana shiga burodi, yana shiga piadina, da shi ake soya crescentine a gargajiyance. Kwandon burodin da aka ajiye maka tun kafin ka yi oda, tambaya tukuna. Akwai masu yi da man zaitun, za su gaya maka.

11/ Na biyu, giya a cikin girki. Risotto kusan kullum ana zuba masa farar giyar inabi bayan an ɗan soya shinkafar. Taliyar vongole, wato mai ƙananan dabbobin teku masu ɓawo, ita ma sau da yawa haka. Don haka "ai kifi ne" bai wadatar ba. Daɗin abin, irin wannan a take ake dafawa, ana iya yi maka babu giyar.

12/ Na uku, romo. Brodo suke ce masa. Miya za ta zo maka kamar ta kayan lambu zalla, alhali ruwan nama ne gindinta. Miyar wake ma akwai masu jefa fatar alade ko kitse don ɗanɗano. Tambayi da me aka yi romon.

13/ Na huɗu, kayan zaƙi, inda mutanenmu ke sakin jiki. Zuppa inglese akwai wata jar barasa a cikinta, alchermes. Tiramisù wasu na sa masa Marsala, wasu ba sa sawa. Panna cotta kuma da colla di pesce ake daskarar da ita: sunan na nufin "gam ɗin kifi", amma yawancin na kasuwa yau daga fatar alade ake yinsa.

14/ Na biyar, wannan ku rubuta a tafin hannu 😅 Tortellini da tortelloni. Harafi ɗaya ya raba su. Tortellini ƙanana ne, cikinsu naman alade. Tortelloni manya ne, a gargajiyar Bolonya cikinsu cukun ricotta da ganye, a zuba man shanu da ganyen salvia. Na farko haram, na biyu wallahi daɗi kamar me.

15/ Waɗanda ke Rum kuma, naku tarkon guanciale ne, kumatun alade. Shi ne ruhin carbonara da amatriciana da gricia. Ba a cire shi a ce an yi carbonara. Ku nemi cacio e pepe, cuku da masoro kawai, ko taliya da tumatir.

16/ Kalmomin da za su fitar da kai ba su da yawa:
Non mangio maiale: ba na cin alade.
C'è strutto?: akwai man alade?
Senza vino, per favore: ban da giya, don Allah.
Il brodo è di carne?: romon na nama ne?
Huɗu ke nan. Wanda ya haddace darasin jarrabawa da Italiyanci ba zai ce waɗannan sun gagare shi ba.

17/ Kuma ka faɗa tun farko, kafin a fara rubuta oda, cikin fara'a. Kar ka bari sai faranti ya iso ka fara tona shi da cokali mai yatsu kana yamutsa fuska. Mutanen nan girkinsu mutuncinsu ne. Ka girmama shi, sai su ɗauki matsalarka kamar tasu.

18/ To me ya rage a ci? Da yawa. Tortelloni da na faɗa. Tagliatelle da naman kaza na daji, porcini, lokacin kaka. Taliya da tumatir da basilico. Gnocchi na dankalin Turawa. Parmigiana ta gauta, wato yalon nan baƙi babba. Gasasshen kifi da man zaitun da lemun tsami. Fiza margherita ko marinara.

19/ Tagliatelle ɗin nan a gidajen da suka riƙe gargajiya da hannu ake murza ta, fulawa da ƙwai kawai, da doguwar muciyar murji. Wanda ya tashi da taliya 'yar murji zai gane bambancinta da ta leda tun a loma ta farko. Bolonyawa har faɗinta suka yi wa rajista a 1972: milimita 8 in ta dahu. Ba wasa suke da ita ba.

20/ Sai maganar kuɗi, don na san nan ne ainihin ciwon. Kuɗin tallafin karatu ba ya kai ƙarshen wata, na sani, ni ma cikinsa nake. Amma akwai rashin fahimta: mutane na ganin menu an jera antipasto, primo, secondo, contorno, dolce, sai su ɗauka dole a ci duka biyar. Ba dole.

21/ Primo shi ne taliya ko shinkafa ko miya. Secondo nama ko kifi. Contorno kayan lambun rakiya. Ka ɗauki primo ɗaya da ruwa, ka ci ka tashi, ba wanda zai harare ka. Italiyawan kansu haka suke yi ranar aiki. A unguwarmu primo bai cika wuce Yuro 10 zuwa 13 ba.

22/ Abin da zai ba ka mamaki a takardar kuɗi shi ne coperto. Kuɗin zama ne, na tebur da burodi, kan kowane mutum, galibi Yuro 2 ko 3. Ba cuta ba ce, a menu yake a rubuce, duba ƙasa. A madadinsa ba wanda ke jiran ka bar tukuici kamar a Amurka. Ruwa kuma na kwalba ne: naturale ko frizzante mai gas.

23/ Lissafa: kusan kuɗin kebab biyu ne. Ban ce kullum ba. Sau ɗaya a wata, ran da kuɗi suka shigo ko ran da aka gama jarrabawa. Mu da muke sayen takalmin Yuro 90 don hoton Instagram, kar mu zo nan muna kukan Yuro 15 😂

24/ Lokaci ma ku kiyaye. Abincin rana wajen 12:30 zuwa 2:30, sai a rufe kicin. Na dare daga 7:30 zuwa sama. Ka je ƙarfe biyar ka tarar da ƙofa a kulle. Yawancinsu na da ranar hutu ɗaya a mako, a watan Agusta kuma, wajen bikin Ferragosto na ranar 15, wasu sai su rufe mako biyu ko fi.

25/ Kuma ba za a kawo maka takardar kuɗi ba sai ka nema. Ba mantawa aka yi da kai ba. A wurinsu kawo ta ba a tambaya ba tamkar kora ce. In ka shirya ka ce il conto, per favore, ko ka je wurin dattijon nan ka biya.

26/ Yanzu bari in yi wa masu ja adalci, don hujjojinsu ba na banza ba ne. Na farko: ana shan giya a wurin. Gaskiya ne, kusan kowane tebur da dare akwai kwalba. Wanda ya ce shi ba zai zauna a irin wannan wuri ba sam, ina girmama shi, ba zan ja da taƙawar mutum ba. Da rana dai abin ya fi sauƙi, kuma teburinka naka ne.

27/ Na biyu: tukunya ɗaya, wuƙa ɗaya. Wannan ma gaskiya ne, kuma ba wanda zai ba ka tabbaci ɗari bisa ɗari. Amma a ƙaramin kicin za ka iya roƙon a yi maka a kasko mai tsabta, a kuma yi. Batun naman shanu da kaza da yadda aka yanka su, da batun cuku, malamai sun yi bayani, kowa ya tambayi wanda ya yarda da iliminsa. Ni kifi da ganye nake bi.

28/ Na uku, wanda ba a cika faɗa a fili ba: kallo. Baƙar fata, wataƙila da hijabi, ka turo ƙofa wurin ya ɗan yi tsit. Yana faruwa. Akwai gidan da aka bar mu tsaye ana zaunar da waɗanda suka zo bayanmu. Mun fita, ba mu koma ba. Gida ɗaya ke nan. Ba zan bar shi ya rufe min ƙofar sauran ba.

29/ Don ga abin da zama a gefe ke jawowa: ka shekara uku a gari, ba wanda ya san sunanka sai abokan ɗaki da mai kebab. Italiyancinka ya tsaya a na aji. Kaɗaicin da muke kuka da shi lokacin sanyi, wani ɓangarensa mu muka gina shi da hannunmu.

30/ A gidan unguwa zuwa na uku an gane ka. Na biyar ba sai ka yi bayani ba, kana zama za a ce yau miyar akwai pancetta, ɗauki tortelloni. Mutumin da bai taɓa hira da Musulmi ba ya san abin da kake ci da wanda ba ka ci, har yana kare maka shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da yawanci a talabijin suke jin labarinmu.

31/ Ban ce a bar masu kebab da mahautan halal na Bolonyina ba fa. Su suka riƙe mu tun ranar farko, Allah ya saka musu. Cewa nake kar su zama iyakar duniyarmu.

32/ Yadda za ka gane na kirki: menu gajere, da Italiyanci. Ba mai tsayawa a ƙofa yana kiran mutane. Ba hotunan abinci a bango. Da rana ka ga ma'aikata da tsofaffin unguwa a ciki. In ka yi tambayar strutto aka ce "bari in tambayo kicin", zauna, ka samu wuri. In aka ce "babu, babu" ba a ko juya ba, yi gaba.

33/ Don haka ƙalubale ga 'yan Bolonya, Fadova, Turin, Milan, Rum, duk inda kuke: wannan watan ku haɗu ku uku, ku zaɓi gida ɗaya a layinku, ku je da jimlolin nan huɗu. Gani ya kori ji.

34/ Wanda ya san wani tarkon da ban ambata ba ya ajiye mana a ƙasa, musamman 'yan kudu, Napoli da Sisili, don girkinku daban ne. Masu shirin zuwa bana kuma ku adana zaren nan, zai yi muku rana. Allah ya ciyar da mu halal, ya ba mu sa'ar karatu. 🙏🏾