Fitar Iska Tare da Fitsari: Fatawa Ba Ta Maye Gurbin Likita

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Daga cikin tambayoyin da ake kawo wa malamai cikin sirri, har a nan Morai, akwai ta mutumin da yake jin iska tana fita ta gabansa, fitsarinsa yana yankewa yana tartsatsi. Abin da yake tambaya shi ne hukuncin alwalarsa.

Amsar fiƙihu a sarari take. Idan iskar ta fito tare da fitsari, fitsarin ya riga ya warware alwala. Idan ita kaɗai ta fita ta gaba, Malikiyya da Hanafiyya suna ganin ba ta warwarewa, Shafi'iyya da Hanbaliyya kuwa suna ganin tana warwarewa.

Sai dai malamin da ya tsaya a nan bai cika amanar nasiha ba. Mafitsara ba mazaunin iska ba ce. Sau da yawa sanadin shi ne ƙofa da ta ɓule tsakanin hanji da mafitsara, saboda kumburin hanji ko ciwon daji, har wani lokaci fitsari ya fito da ɓurɓushin bayan gida. Wani sanadin kuma ƙwayoyin cuta ne masu haifar da iska a cikin mafitsara, musamman ga masu ciwon suga, kuma suna iya hawa zuwa ƙoda su shiga jini. Mai sauƙi a cikinsu shi ne iskar da ke biyo bayan sa robar fitsari, wadda takan wuce da kanta.

Mutanen yankin madatsar Bakolori sun daɗe da sanin fitsarin jini na tsargiya, har wasu sun daina ɗaukar canjin fitsari a bakin komai. Wannan sabo yana cin rayuka.

Ya ɗan'uwa, kunyar da ke hana bayyana cuta ga likita ba ita ce kunyar da addini ya yaba ba. Manzon Allah (SAW) ya yi umarni da neman magani, kuma kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a. Ka fara da Babban Asibitin Talata Mafara a gwada fitsari da suga. Idan an tura ka Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, kada ka yi jinkiri. In da zazzaɓi, ka tafi ranar.

Mu kuma malamai, duk wanda ya yi mana wannan tambaya, mu ba shi hukuncin alwala, sannan mu ce masa ya ga likita. Allah ne Mafi sani.