Wayar Tecno da Dutsen Nasarawa

Jama'a, ran Asabar da ta wuce na tsaya wurin wani mai gyaran waya a bakin hanyar Jos, nan cikin garin Lafiya. Ina jira ya canja mini batir, sai na shiga ƙirga wayoyin da ke zube bisa teburinsa. Galibinsu Tecno ne da Itel da Infinix. Da na ce masa ai duka ukun 'ya'yan gida guda ne, sai ya ɗago kai ya dube ni kamar na faɗi abin da ba ya yiwuwa.

To, haka abin yake. Sunan gidan Transsion, kamfani ne na ƙasar Sin wanda Zhu Zhaojiang ya kafa a 2006, hedkwatarsa kuwa tana birnin Shenzhen. Abin mamaki, ba a kasuwar ƙasarsu ya yi suna ba. Tun wajen 2008 ya fuskanci Afirka, Nijeriya na cikin wuraren da ya fara sa ƙafa, a lokacin da Nokia ke cin kasuwarta ba mai ja da ita.

Dabararsa ba ta da wuyar ganewa, sai dai manyan kamfanoni ba su damu su yi ta ba. Ya lura mutuminmu yana yawo da layi biyu ko uku saboda rashin tabbacin sabis, sai ya ƙera waya mai ɗaukar layi biyu. Ya ga wutar lantarki ba ta zama, sai ya sa batir mai daɗewa. Ya gyara kyamara don ta fitar da fuskar baƙin mutum sosai, ya sa harsunan Afirka cikin wayar, har da Hausa, sa'an nan ya sassauta farashi yadda manomin ridi a Doma zai iya saye bayan kaka. A 2017 ya sha gaban Samsung wajen yawan wayoyin da aka sayar a Afirka, a 2019 kuma ya shiga kasuwar hannun jari ta Shanghai.

Amma ribar waya mai arha ba ta da kauri, ga Xiaomi da 'yan uwansa sun biyo sawu, ga faɗuwar darajar naira tun 2023 ta rage ƙarfin mai saye. Saboda haka kamfanin ya karkata ta fuska biyu. Ya nufi Indiya da Pakistan da Bangaladash da Kudancin Amurka neman sababbin kasuwanni. A nan gida kuma yana so ya riƙa samu daga gare ka bayan ka sayi wayar: waƙa ta Boomplay, caja da abin kunne na Oraimo, talbijin da firji na Syinix, gyara a shagunan Carlcare.

Inda abin ya tsaya mini a rai shi ne, tun 2011 kamfanin yake harhaɗa wayoyi a Habasha. Mu da muke cikin manyan masu saye, rabonmu bai wuce tallan kaya da gyara ba. Ban ga laifinsa ba. Wane mai kuɗi ne zai kafa injuna inda zai dogara da janareto dare da rana?

Ga shi kuma batirin da aka canja mini da ma'adinin litiyam ake yin sa, irin wanda ake haƙa a ƙasar Nasarawa. A watan Mayu na 2024 an buɗe masana'antar sarrafa wannan dutse a jihar, da jarin 'yan ƙasar Sin. Madalla, amma niƙa dutse da tace shi matakin farko ne kawai. Tsakaninsa da batir akwai tafiya mai nisa, kuma can ƙarshen tafiyar ne kuɗin yake. In gwamnatin jiha za ta sake zama da masu zuba jari, ya kamata ta sa sharaɗin koyar da yaranmu, ta haɗa su da Jami'ar Tarayya ta Lafiya, tun kafin a sa hannu.

Mai gyaran nan ya gaya mini da hannu ya koyi aikin, wajen maigidansa, ba littafi ba allo. Batirin da ya sa mini kuwa, da na juya bayansa, rubutun Sinanci ne a jiki.