Kada A Sake Rufe Wa Baƙo Ƙofar Aji Da 'Ya'yanmu

Tun da ministan ilimi na Gana Haruna Iddrisu, ɗan majalisar Tamale ta Kudu, ya ba da umarni a watan Oktoban 2025 cewa a riƙa koyar da ƙananan yara da harshen uwa, kunnena bai huta ba. A majalisar bakin titi, a taron iyaye da malamai, a rediyon safe, kuka ɗaya ne: wai za a kashe wa yaranmu Turanci. Ma'aikatar ta fito ta ce umarnin daga ajin reno zuwa aji uku na firamare ya tsaya, amma ba wanda ya saurara. Kuma duk mai wannan kuka, in ka bar shi ya yi nisa, zai faɗa maka abin da ke cikinsa: wai yaro ba ya iya Turanci sai an haɗa shi da wanda ba ya jin yarensa ko kaɗan. Shi ya sa ranar da aka kawo Baturiya 'yar sa-kai makarantar gwamnati, hedimasta zai miƙa mata alli da rajista, ya ja mata ƙofa, iyaye kuma su shiga unguwa suna alfahari cewa ɗansu a ajin Baturiya yake.

Wannan ra'ayi ɓata ne, kuma a kan ɗan talaka yake ƙarewa. Mun gwada shi a ƙasa baki ɗaya. A 2002 gwamnatin Kufuor ta mai da Turanci harshen koyarwa tun daga aji ɗaya. Daga baya aka janye, aka kawo shirin NALAP da harsunan gida goma sha ɗaya, amma a takarda aka janye, a cikin aji Turancin aka ci gaba da zuba wa yara. Da aka yi gwajin karatu na ƙasa a 2013 da 2015, yaran aji biyu da suka iya karanta rubutu sarai su kuma fahimce shi ba su wuce biyu cikin ɗari ba. Biyu! To in malami ɗan ƙasa da ya ƙi taɓa yaren yara ya haifar da wannan, me ake jira daga wanda jiya ya sauka daga jirgi?

Na taɓa tsayawa a tagar wani aji a bayan gari. Yara sun cika ɗaki har ƙasa, wata budurwa Baturiya a gaban allo tana iya ƙoƙarinta, gumi na zuba. Ta faɗi jimla, su maimaita baki ɗaya. Ta tambaya ko sun gane, su amsa baki ɗaya. Ba wanda ya gane komai. Yaranmu an tarbiyyantar da su kada su ce wa babba "ban ji ba", balle baƙo, ita kuwa ba ta da yadda za ta san haka. Malamin ajin yana can gindin bishiya da wayarsa. Ba ita na ji wa haushi ba, shi na ji wa, da hedimastan da ya ɗauki zuwanta a matsayin hutun ma'aikatansa.

Koyar da harshe aiki ne na sanin inda yaro zai yi tuntuɓe. Dagbanci ba ya raba namiji da mace a wakilin suna, don haka ɗan Dagomba yake cakuɗa su idan ya shiga Turanci. Yaron Zango mai jin Hausa kuma sautin p da f ne ke rikita shi. Malamin da ya fito daga kwalejin horon malamai ta Bagabaga ya san wannan tun kafin yaro ya buɗe baki, domin shi ma ta nan ya bi. Ya san yarinyar da ke gyangyaɗi ta yi tallan koko kafin ƙararrawa. Ya san yaron da ya ɓace lokacin girbi gona aka kai shi, ya kuma san ƙofar da zai je ya yi sallama a dawo da shi. Ya san abin da manhaja ta ce a gama kafin ƙarshen zango, da irin tambayar da ke fitowa a jarabawar BECE. Wanda aka haifa da Turanci a baki bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, sau da yawa ma bai san dokokin nahawun harshen nasa ba, tunda bai taɓa zama ya koye su ba. Da ɗan gari akan ci gari.

Ku dubi ƙasashen da suka fi mu kuɗi nesa ba kusa ba. Japan ta fara shirin JET a 1987, tana ɗauko dubban matasa daga Amurka da Ingila da sauransu, tana biyansu albashi mai kyau, amma sunan aikinsu mataimakin malami. Aji na malamin Japan ne mai lasisi. Koriya ta Kudu ta buɗe nata shirin, EPIK, a 1995, ita ma tana haɗa baƙo da malamin gida. Su da suke biya daga aljihunsu ba su yarda su sakar wa baƙo 'ya'yansu ba. Mu da aka kawo mana kyauta, sai mu miƙa aji mu koma inuwa.

Kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar lasisi. A 2018 aka kafa ƙa'ida cewa ɗanmu da ya gama kwalejin horon malamai sai ya zauna jarabawar lasisi ta Majalisar Malamai ta Ƙasa, ya yi hidimar ƙasa, sannan ya zauna gida yana jiran a tura shi aiki, wani shekara, wani fiye. Muna ganinsu suna zanga-zanga a Accra suna roƙon a ɗauke su. A nan Tamale akwai masu takardar malanta da ke tuƙa keke mai ƙafa uku. Amma yarinyar da ta gama sakandare a Turai, ta biya wani kamfani kuɗi don ta zo ta yi makonni huɗu ko shida, ba wanda zai tambaye ta takarda. Launin fatarta ne lasisinta. Ta yi hotuna da yara, ta sa a Facebook, ta tafi a tsakiyar zango, wata ta zo ta sake farawa daga sunayen launuka da sassan jiki. Yaro ya shekara yana koyon kai da kafaɗa da gwiwa.

Za a ce mini ai ƙauyuka ba malamai, baƙo ya fi aji wayam. A tura waɗanda ke zaune gida mana, a gina musu ɗakin kwana. Za a kuma ce ai 'yan Peace Corps sun yi wa ƙasar nan aiki. Sun yi. Gana ce ƙasar farko a duniya da ta karɓe su, a watan Agustan 1961, lokacin da Nkrumah ke ta gina sakandare ba shi da masu digirin da za su cika su. Wancan zamani ne daban. Kuma su shekara biyu suke yi, ana horar da su kusan wata uku har da yaren wurin, ana haɗa kowa da abokin aiki ɗan gari. Ko su ɗin ba a sake su haka nan ba.

Abin da nake nema ba shi da wuya. Malamin gida ya riƙe ajinsa, da rajista, da maki, da alhakin jarabawa. Su zauna da baƙon kafin darasi su tsara wa zai yi me. Malamin ya buɗe darasi da yaren da yara ke ji, baƙon ya karɓa da furuci da hira da karatun labari, a raba aji gida biyu kowa ya zauna da rabi, mai rauni ya samu wanda zai dube shi. Ban yarda da ɗayar fuskar ba, wadda ake kira haɗin gwiwa alhali an mai da malaminmu tafinta mai riƙe da bulala a bayan aji, yara na kallo suna koyon cewa ilimi na Bature ne, tsawa ce tamu.

Shaidar tana nan Tamale, ba sai an je Tokyo ba. Ƙungiyar School for Life ta fara a 1995 da tallafin mutanen Denmark. Turawan ba su shiga aji ba. 'Yan ƙauyen aka horar, suka koyar da yaran da ba su taɓa zuwa makaranta ba da yarensu, wata tara, yaran suka iya karatu da lissafi suka shiga firamare. Har gwamnati ta ɗauki salon ta faɗaɗa shi.

Wannan rawar jikin da muke yi a gaban baƙo tsohon ciwo ne. Turawan mulki da gangan suka danne boko a Arewa don a samu 'yan ƙwadago a ma'adinai da gonakin koko na Kudu. An buɗe Mfantsipim a Cape Coast a 1876, mu ba mu ga sakandare ba sai Tamasco a 1951. Shekara saba'in da biyar. Har yau daga Accra ake turo malamin da ba ya jin Dagbanci ko Gonja a ba shi aji ɗaya, shi ma baƙo ne a gaban allo, fasfo kawai ya raba shi da Baturiyar. Mu 'yan Zango kuwa namu ya fi muni. A cikin harsuna goma sha ɗayan nan babu Hausa, harshen da Alhaji Umaru na Kete-Krachi ya yi ta rubutu da shi a ƙasar nan kafin rasuwarsa a 1934, harshen da gidan rediyon ƙasa ke karanta labarai da shi, harshen ciniki a Aboabo. Idan umarnin minista ya fara aiki sosai, da wane harshen uwa za a koyar da yaron Hausa Zango da na Sabonjida? Mai girma minista ɗan garin nan ne, ya san unguwannin. Muna jiran ya sa Hausa a jerin, a buga mata littattafai, a horar mata da malamai a Bagabaga.