An Bar Gado Ana Dukan Katifa

Duk wanda ya tsaya a Magama, bakin iyakar Jibia, zai ga katifu ɗaure a kan motoci, wasu sun nufi Maraɗi, wasu ƙauyukan da ke kewaye. Yawancinsu kayan ɗakin amare ne. Uba ya yi ciniki a kan kauri da sunan kamfani, ko Vitafoam ko Mouka, amma abin da za a ɗora katifar a kai bai zo masa a rai ba. Bayan damina biyu ta lotsa, sai a ce kamfani ya yi algus. An bar jaki ana dukan taiki.

Soso ba shi da ƙashin baya. Siffar abin da ke ƙarƙashinsa yake ɗauka. Idan kafinta ya yi rowar katako, ya jera falankai huɗu ko biyar da wawakeken giɓi a tsakaninsu, nauyin mutum zai riƙa tura soson cikin giɓin kowane dare har ya mutu. Ƙa'idar da masu yin katifa ke bayarwa ita ce kada tazarar ta wuce inci 3, kuma gado mai faɗi ya samu sanda a tsakiya mai ƙafarta. Gadon ƙarfe mai ragar waya ya fi muni, domin ragar na yin kwari, bayan mai barci ya bi ta.

Masu shimfiɗawa a kan siminti ma ba su tsira ba. Gumin dare na ratsa soso ya sauka ƙasa. In babu iska, sai danshi da fumfuna. Barin leda a jikin katifa don a ce sabuwa ce yana ƙara kulle danshin. Jibia kuwa, garin da ambaliyar Yulin 2018 ta ɗaiɗaita, ba ya bukatar a tuna masa amfanin ɗaga kaya daga ƙasa.

Za a ce talauci ne. Gaskiya ne rufe iyaka a Agustan 2019, da sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 2023, sun karya jarin mutanen garin. To amma hujjar a kan mai ita take komawa: wanda ba zai iya sake sayen katifa ba shi ya fi kowa bukatar ta daɗe. Ƙarin falankai bai kai kuɗin sabuwa ba.

Kakanni da suke ɗaure gadon kara sun san wannan: kara kusa da kara, iska na wucewa ta ƙasa. Abin kunya ne a ce mai digiri ya kasa abin da suka iya. Kafin a biya kafinta, a ɗaga katifa, a ƙirga falankai, a auna giɓi. Wanda ya ƙi, kada ya zargi soso ranar da bayansa ya fara ciwo.