Kuɗin gyaran makaranta: a liƙa lissafin a bango mu gani

Ɗan'uwa mai karatu, in kai ɗan Rano ne ko ɗan Kibiya, ga tambaya: wane ne shugaban kwamitin SBMC na firamaren unguwarku? Yaushe suka yi zama na ƙarshe, kuma nawa ya shiga asusun makarantar a bara? In ba ka sani ba, kada ka ji kunya, ɗan aji shida da ke cikin makarantar ma bai sani ba, iyayensa ma haka.

Wannan kwamiti ba sabon abu ba ne. Kusan shekara ashirin ke nan da aka amince kowace makarantar gwamnati ta samu nata, kuma shirin ESSPIN da Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2008 ya horar da irinsu a Kano da Jigawa da Kaduna. A tsari, akwai hedimasta, wakilin malamai, wakilin mai gari, malamin addini, mata, iyaye, tsofaffin ɗalibai, har da ɗalibi da ɗaliba. Wato makaranta ta zama ta gari. A takarda kam ba abin kushewa.

Abin da ya sa batun ya yi nauyi yanzu shi ne kuɗi ya fara bi ta hannunsu. Shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda Kano na cikin jihohi bakwai na farko, yana ba makarantun sakandare tallafin gyara, kuma kwamitin ne ke kula da kashe shi. A watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, ilimi kuma ya ɗauki kaso mafi tsoka a kasafin jiha. Madalla. Amma kasafin da aka karanta a majalisa daban, kwanon rufin da ya iso Rurum ko Tarai daban. Tsakanin SUBEB, ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ɗan kwangila da kwamitin makaranta, hannaye da yawa ne, kuma mutumin gari ba ya ganin ko ɗaya.

Ba na cewa 'yan kwamiti ɓarayi ne. Da yawansu dattawa ne masu aikin sa kai, wasu daga aljihunsu suke sayen alli. Matsalar ita ce, in babu lissafi a fili, mai gaskiya da maras gaskiya kamanninsu ɗaya. Da iska ta kwashe rufin aji a farkon damina sai tsegumi ya tashi a majalisar mai shayi: “An cinye kuɗin.” Wataƙila an ci, wataƙila ma kuɗin bai iso ba sam. Wa zai raba gardama?

Ƙasar Yuganda ta taɓa shiga irin wannan. Binciken da aka yi kan shekarun 1991 zuwa 1995 ya gano kashi 13 cikin ɗari kaɗai na tallafin da gwamnati ke turawa firamare ke isa makarantun. Sauran yana narkewa a ofisoshin gundumomi. Sai gwamnati ta fara buga adadin kuɗin da ta tura a jaridu, aka kuma umarci makarantu su liƙa abin da suka karɓa a allon sanarwa. Zuwa 2001, kusan kashi 80 na isa. Akwai wasu gyare-gyaren da suka taimaka, amma hedimasta da iyaye sun san haƙƙinsu, su kuwa masu handama sun san ana kallonsu.

To mu me zai hana? Takarda ɗaya ce fa, da Hausa, da boko da ajami, a bangon ofishin hedimasta: nawa ya shigo, daga ina, ranar nawa, me aka saya, nawa ya rage, sannan sunayen 'yan kwamiti. Duk ƙarshen zango a karanta ta da baki a gaban iyaye. A nan fa sai an kula da iyaye mata, domin su ne suka san yaron da ya dawo gida wandonsa duk ƙura saboda zaman ƙasa, amma su ne ba a cika gayyata ba. In ba za su zo taron maza ba, a yi musu nasu.

Na san abin da za a ce: yaro ya tambayi mai gari lissafi, ai rashin kunya ne. Gaskiya ne akwai yadda ake magana da manya, kuma wanda ya fara da zagi a Facebook ya rufe wa kansa ƙofa. Amma ai ma'ajin masallaci yana tashi bayan sallar Juma'a ya faɗi abin da aka tara, ba wanda ya ce an ci masa mutunci. Kuɗin makaranta ma amana ne.

Doka kuma tana bayanka. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa buƙatar da aka rubuta mata, kuma a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa dokar ta shafi jihohi. Sai dai ni ba zan ba ka shawarar farawa daga nan ba. Ku haɗu ku uku ko huɗu, tsofaffin ɗaliban makarantar, ku gaida hedimasta, ku tambayi ranar zaman kwamiti na gaba, ku nemi kujerar da tsari ya tanadar wa tsofaffin ɗalibai. In an ce ba a taɓa zama ba, sai ku rubuta wa sakataren ilimi, ku kai da hannu, a buga muku hatimi a kwafinku.