Kafin a Kawo Wutar Nukiliya, Ina Za a Kai Shararta?

Mu mazauna Sabo mun san zafin rashin wuta. Kuɗin man janareto ya cinye ribar mai niƙa da mai firiji. Shi ya sa in an ta da maganar tashar nukiliya a majalisar bayan la'asar sai ka ji ana murna: ai tun 2017 Najeriya ta sa hannu da kamfanin Rosatom na Rasha, har an ambaci Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom. Da muka tambaya ina za a kai sharar, sai wasu samarinmu 'yan boko suka ce, "Malam, cikin yumɓu ake binnewa, shi ke nan."

Shi ke nan? Haba yara!

Gaskiya ne ana duba yumɓu, don ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi, kuma in ya tsage yakan kumbura ya like kansa. Amma sharar nan ba toka ba ce mai sanyi. Shekaru aru-aru tana fitar da zafi. Ku tambayi mai ginin tukwane abin da wuta ke yi wa ɗanyar tukunya. Haka ne a ƙarƙashin ƙasa: ruwan da ke cikin yumɓun ya fi yumɓun saurin buɗewa in ya ji zafi, ga shi ba hanyar fita, sai ya matsa daga ciki har ya iya tsaga shi. Wanda ke jikin sharar kuma ya bushe ya ƙanƙance. In zafin ya wuce kima ya daɗe, kumburin nan da aka dogara da shi yana raguwa.

Su masu abin ba su ce shi ke nan ba. A Mol ta Beljiyam, mita 225 a ƙasa, tun 2014 suka kunna na'ura ta dumama yumɓu zuwa digiri 80, suka shafe shekaru suna aunawa. A Bure ta Faransa sun haƙa kusan mita 500, sun ƙayyade kada dutsen ya wuce digiri 90, kuma har yau ba su binne ko ganga ɗaya a wurin ba.

Mu kuwa ba mu manta Koko ba, inda aka jibge gangunan guba daga Italiya a 1988, talakawa na zaune a gefensu.

Muna son wuta, wallahi muna so. Amma duk ɗan siyasar da ya zo fadar Sarkin Hausawa da wannan albishir, mu tsayar da shi: wace ƙasa aka auna, wa ya auna ta, shekara nawa, kuma rijiyar su wa ke kusa?