Raddi ga masu cewa Kafarnahum ƙagaggen gari ne

Masu wannan da'awa sun rataya hujjarsu a kan farar majami'ar Yahudawa da ke kufan Kafarnahum, a gaɓar arewa ta Tafkin Ɗabariyya. Suka ce tunda masu binciken kufai Virgilio Corbo da Stanislao Loffreda, da suka fara haƙa a wurin a 1968, sun tarar da dubban sulallan ƙarni na 4 da na 5 a ƙarƙashin daɓenta, Annabi Isa (AS) bai taɓa shigarta ba, don haka labarin Linjilar Markus na wa'azinsa a majami'ar garin ya faɗi, garin ma masu ziyara ne suka ƙaga shi. Cewa bai shige ta ba gaskiya ne, sauran kuwa ƙari ne. Shekarun gini daban, shekarun wurin daban. Bakazauren da ya shiga Kano ya ga babban masallacinta da aka sake ginawa a shekarun 1950, ai ba zai ce Turawa ne suka kawo wa Kanawa sallar Juma'a ba. Farin ginin nan a kan harsashin baƙin dutse yake zaune, irin wanda aka gina tsofaffin gidajen garin da shi. Ana saɓani ko harsashin na majami'ar farko ne, amma tukwanen da aka tono a gidajen sun nuna akwai mazauna tun kafin haihuwar Annabi Isa.

Suka ce kuma Kiristoci kaɗai suka ambaci garin. Ashe ba su karanta Yusifus ba, Bayahuden da ya jagoranci mayaƙan Galili lokacin da aka yi wa Rum tawaye a shekara ta 66. Shi ya rubuta cewa dokinsa ya kayar da shi a fadama kusa da Kogin Urdun, aka ɗauke shi zuwa ƙauyen Kafarnahum. Mutum ba ya jinyar targaɗe a garin da babu shi. Zaman da Linjila ta ce Matiyu, almajirin Annabi Isa, ya yi a rumfar karɓar haraji ma ya dace da wurin, domin garin na daf da iyakar ƙasar Antibas mai mulkin Galili da ta ɗan'uwansa Filibus, kuma duk ɗan Ɓaɓura ya san inda 'yan kwastan ke kafa shinge.

Inda na bar musu gaskiya shi ne gidan da ake dangantawa da Bitrus almajirin Annabi Isa, gidan da aka gina coci mai kusurwa 8 a kansa a ƙarni na 5. Rubuce-rubucen bangon wani ɗaki a gidan shaida ne cewa an girmama ɗakin, amma ba su faɗi mai gidan ba.